Rami ba ya sa hannu: raddi ga gwanayen golf na fada

Wanga karo da ƴan fada nike, kuma ba ni da niyyar sassautawa.

Akwai wani barkwanci da ya shigo mana ta salula, yana yawo daga Madawa zuwa Buza, daga Kaita zuwa Tama, wani da Faransanci, wani an juye shi da Hausa. Barkwancin golf ne, wasan da wasu Hausawan Najeriya ke kira ƙwallon lambu. Kun san shi, kada wani ya yi mini fuskar liman. Ana kwatanta wasan da abin da ke gudana tsakanin miji da mata in an sauke labule: maigida shi ne mai sanda, uwargida ita ce fili, sauran bayanin kowa ya ƙarasa da kansa. In an karanta shi a fada sai ka ga ƙato ya gangaro daga benci don dariya, shayi ya zube, mai hura gawayi ya ƙware.

Ni ban ƙi dariya ba, ban kuma ƙi a taɓa zancen ɗaki ba, tunda dukanmu can munka dosa in Allah ya so. Abin da na ƙi shi ne barkwancin da mutum ɗaya ke wasa a cikinsa, ɗayan kuma an maishe shi ƙasa. Kuma zan nuna muku cewa ko dokokin golf ɗin kansu, in an bi su tsakani da Allah, gwanayen fadarmu ne za su kwashi kunya.

Mu fara da wasan, tunda mafi yawan masu dariyar ba su taɓa riƙa sandarsa ba. A ƙasar Sikotlan ya girma. Tun 1457 majalisar Sarki Jemis na biyu ta hana shi, don samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. Ashe shagaltar da maza tsohuwar sana'arsa ce. A 1764 ƴan wasan garin Sent Andurus sunka rage ramukan filinsu daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi ke nan daga baya. Ana bugun ɗan ƙaramin ƙwallo da sanda daga nesa har ya faɗa rami mai faɗin santimita 10.8, sannan a wuce rami na gaba. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A ƙasarmu akwai filin Rio Bravo a bayan garin Yamai, na rairayi, inda ɗan wasa ke yawo da ƴar tabarmar haki ta roba, ya aza ƙwallo a kai kafin ya buga. Ke nan wasan da abokanmu na Tama sunka ara don su koya mana aure, wasa ne da ko hakinsa sai an aro.

To, tunda kun ce golf, mu je golf.

Doka ta farko: gwani shi ne wanda ya gama da bugu kaɗan. Yo don Allah wane miji ne zai so a yi masa wanga kirari a bakin rijiya? A fili kofi ake ba shi, a gida kuwa sai dai a juya masa baya a ja zane. In kuma zancen lokaci ake, zagaye ɗaya na golf kusan awa huɗu yake ci, ana tafiya ƙasa, ana hira, ana duba iska, ba mai korar wani. Minti ukku ɗin da ke cikin dokar wasan na neman ƙwallon da ya ɓace ne. Da biyar ne, a 2019 anka rage. Wanda ya ɗauka minti ukku shi ne tsawon wasan, ya karanta doka a juye. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Doka ta biyu ita ce wadda na fi so, kuma ban taɓa jin an sa ta cikin barkwancin ba. A gasar golf ba kai ke rubuta sakamakonka ba. Abokin tafiyarka ne ke riƙe da katinka, yana ƙirga bugunka rami bayan rami, a ƙarshe ya sa hannu, kai ma ka sa. Kati ba sa hannun mai shaida, takarda ce ta ƙunsa tsire. Wanda kuwa ya sa hannu a kan adadin da ya gaza gaskiyar bugunsa, fitar da shi ake daga gasar. Har ma in ka karya doka ba wanda ya gani, kai za ka kai ƙarar kanka. Yanzu ku kawo wagga doka fada. Duk angon da ya zo da safe yana miƙa, yana cewa “jiya dai sai wanda ya gani”, a ce masa: ina katin? Madam ta sa hannu? Wallahi rabin jarumtakar da muke ji a bakin shayi za ta ƙafe kamar tabki a watan bazara. Mai shaida ɗaya ce tak a wanga wasa, ita ce kuma barkwancin ya hana wa alƙalami.

Doka ta uku: ka bar fili yadda ka tarar da shi, ko ma fiye. In sandarka ta tono haki, ka maida shi ka danne. In ka taka ramin rairayi, ka share sawunka. Filin haki kuwa kullum ana ba shi ruwa, ko ana wasa ko ba a yi. Wannan mu ba sai Bature ya gaya mana ba, sunan da anka ba wasan ma lambu ne. Ku tambayi mai albasa a fadamar Tarka ko a Galmi: daga dashe zuwa cira watanni ne na ban ruwa, da nome haki, da tashin asuba. Mai lambun da ba a ganinsa sai ranar cira, buhunsa babu kome zai koma. Amma ga namiji ya wuni bai ce sannu ba, bai tambayi yaron da ke zazzaɓi ba, kuɗin cefane sai da faɗa, dare na yi ya shigo da sanda a kafaɗa yana neman fili kore. Haba malam! Ko golf bai yarda da haka ba.

Saura zancen ramuka 18, wanda shi ya fi sa ƴan fada ƙyalƙyala. Yaron da bai tara kuɗin sadakin mace ɗaya ba, kabu-kabun da yake hawa ma na aro ne, shi ke mafarkin sha takwas. To ga labarin wanda ya gwada. Taiga Wuds na Amurka, babu sunan da ya kai nasa a golf a zamaninmu. Ya ci manyan gasanni 14 kafin ƙarshen 2009, lokacin da asirin neman matansa ya tonu. Manyan kamfanoni sunka janye tallarsu, a watan Fabrairu 2010 ya tsaya gaban duniya yana neman gafara, a watan Agusta aurensa ya mutu. Bai sake cin babbar gasa ba sai 2019. Mutumin da ya fi kowa sanin inda ƙwallo zai faɗa bai hango inda gidansa zai faɗa ba. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Duk wannan na faɗe shi ne cikin harshen barkwancin, don ku ga ko a filinsa ana iya kada shi. Amma cutar tana can gindi. A golf mutum da ƙasa yake wasa. Rami ba ya cewa na gaji, ba ya cewa yau ba ni da lafiya, ba ya cewa a hankali, ba ya cewa ni ma ina so. Ba ya dariya, ba ya fushi, ba ya sa hannu. In ka ce matarka rami ce, ka cire mata baki ke nan tun kafin a kashe fitila. Kuma ba banza ba irin wanga barkwanci ya fito daga wanga wasa. Kulob ɗin Augusta na Amurka, inda ake ɗaya daga manyan gasannin duniya, bai karɓi mace mamba ba sai 2012. Na Muirfield a Sikotlan, wanda magabatansa ne sunka rubuta dokokin golf na farko a 1744, sai 2017 ya yarda, shi ma bayan an cire shi daga jerin filayen babbar gasar Birtaniya don ya ƙi a 2016. Shekara 273 maza na zaune su kaɗai suna ba'a a kan matan da ba su cikin ɗakin. Fada ce, sai dai tasu da kujerun fata. Barkwancin da anka haifa inda mace ba ta shiga, ina zai koyi barin mata wurin amsa?

Yanzu mu dawo gida, mu ga wace ce wagga da ake kira fili. Turawa suna yi wa matar da mijinta ya tare a filin golf ba'a da cewa mijinta ya mutu yana raye, don ya ɓace mata ranar Lahadi. Ranar Lahadi ɗaya! Su zo Adar su ga. Da an gama girbi motoci ke kwashe maza zuwa Abijan, Libiya, Aljeriya, Legas. Wani watanni, wani shekaru. Amarya ta yi sati kaɗan da ango, ta wayi gari tana zaune da uwar miji da ciki. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke itace, ita ke kai yaro likita, ita ke jiran ƙarar salula. Lokacin da Projet Keita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, don a raya ƙasar da ta mutu, su wa sunka fi ɗaukar duwatsu a ka, sunka haƙa ramukan dashen itace a kan tuddai? Mata ne, don mazan suna ci-rani. Iyayenmu ne da kakanninmu. In ana zancen rami a ƙasar nan, su ne masu haƙa shi da hannunsu cikin rana. Sai ga jikansu da salular jikka talatin yana kiran jinsinsu rami yana ƙyaƙyata.

Ga kuma wani lissafi da ba na dariya ba. A ƙasarmu, bisa ƙididdigar da hukumar UNICEF ke bayarwa, kashi 76 cikin 100 na mata an yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kafin 15. Ke nan amaryar da ke bayan labulen sau da yawa yarinya ce da ta isa zama a koleji. An yi mata faɗa ranar kai ta: haƙuri, biyayya, kada a ji bakinki. Shi kuma angon, wa ya yi masa nasa faɗan? Baba kunya ta hana shi, mushe ya tsallake babin a aji, kawu sai ya ce “ai namiji ba a koya masa”. Malaminsa ɗaya da ya rage shi ne salula. Ita an ce ta yi shiru, shi an ce masa fili ce. Ku haɗa biyun nan a ɗaki ɗaya ku gaya mini mi za a haifa in ba tsoro da ciwo da ƙiyayya ba. Shekara na zagayowa a ji ta yi yaji, ko saki ya iso ta salula daga Abijan, a ce wai ba su daidaita ba. Ina za su daidaita, ba wanda ya taɓa tambayar wani?

Shi ma namijin ba tsira ya yi ba. Da zarar an maida ɗaki filin gasa, sai tsoron faɗuwa ya shiga. Daga nan ne ƴan tallar magani ke samun kasuwa. Ku duba tiren da ake yawo da shi ranar kasuwa cikin rana tsaka: ƙwayoyin maza masu hoton doki da zaki, da tramol da samari ke haɗiya wai don su daɗe. Tramol maganin ciwo ne mai kama jiki, yana sa farfaɗiya in an zarce, wanda ya saba da shi kuma ba ya rabuwa da sauƙi. Ƙwayar maza irin ta sildenafil kuwa, in ta haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya tana kada hawan jini ƙasa har mutum ya suma, ko abin ya fi haka. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu, lafiyarsa lau, yana shan abin da ba likita ya rubuta ba, don kada ya ji kunyar abokan da ba su cikin ɗakin. Ita kuma tana can tana zuba kuɗin adashinta a kayan mata. Kowa na gyara kayan wasa, ba mai buɗa baki. Maganar da za a yi kyauta cikin minti goma, an saye ta da tsada ba a samu ba.

Na san amsar ƴan fada: “Kai dai ka cika tsanani, wasa ne kawai.” To ai da wasa ake gaya wa wawa magana. Wasa makaranta ce, ta ma fi lakkwal kama kai, don ba a mance abin da anka koya da dariya. Wani kuma zai ce: “Ai matan ma suna dariya.” Suna yi. Baƙo ma yana yaba tuwon da ba gishiri. Ka bar ɗakin ka ji abin da za su ce in sun rage su kaɗai.

Akwai kuma ɓangare na biyu, masu cewa a hana irin wanga zance gaba ɗaya, batsa ce, ɗalibi ba ya faɗin haka. Su ma ban bi su ba. Shirun da suke nema shi ne ya buɗa wa salula ƙofa. Kuma Hausawa ba su taɓa zama bebaye a kan zancen ɗaki ba, sai dai sun san yadda ake yafa masa mayafi. Kaka na kiran jikanta “mijina”, ta ce ya kasa cefane, shi kuma ya ce ta tsufa zai yi mata kishiya. Matar wa da ƙanen miji suna zolayar juna har a ji su a maƙwabta. Mata a bakin turmi suna jefa habaicin da in miji ya wuce sai ya ƙara sauri. A gidan biki ƙawayen amarya suna tsare abokan ango da baki sai sun biya. Ga wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ku duba duka: baki biyu ne. Ka jefa, a jefo maka. Taubashin da ya zage ka ya san gobe naka ne, kuma a gabanka yake yi, ba a bayan idonka ba. Wannan ita ce dokar ba'armu, kuma ita ce barkwancin golf ya karya.

In dole sai an kwatanta aure da wasa, muna da namu a ƙofar gida. Ga dara: ramuka ne ita ma, amma mutum biyu ke zaune a kansu, kowa da ƴaƴansa, ka taka in taka, wanda ya taka sau biyu a jere ya yi zamba. Ga kokowa, wadda gasarta ta ƙasa ta fara a nan Tawa a 1975: jiki biyu, numfashi biyu, ba a kama wanda bai shigo fili da ƙafarsa ba, in an gama kuma a rungumi juna. Duk da haka su ma ba su cika ba, don a can dole wani ya faɗi wani ya ɗauki takobi. Aure ne kaɗai wasan da in ɗaya ya ci, ɗaya bai ci ba, to duka biyun an cinye su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle abin da ya fi jinka nauyi.

Saboda haka ga abin da nike kira gare shi, ba mai tsada ba ne. Ƴan fada, ku ci gaba da dariya, amma ku auna kowane barkwanci da awo ɗaya: za ka iya faɗinsa tana zaune, kuma ka bar mata wurin ramawa? In za ka iya, kawo shi, ni zan biya sukari. In sai ta fita kake iya faɗinsa, to gulma ce ka sa wa hula. Wanda ke shirin aure cikinku, ya rage tambayar abokai, ya koyi tambayar mai ɗakin: kin gaji? kina so? ya kika ji? Kalmomi ne da ba su kai goma ba, sun kuma fi duk abin da ke kan tiren mai magani. Wanda ya ga da gaske jikinsa na da matsala, hanyar likita ya kama, ba ta tasha ba.

Ku kuma ƴan uwanmu mata na lise da jami'a, kada ku tsaya ga sunkuyar da kai da murmushi. Kakanninku ba su bar habaici ya kwana ba. Shafukan ɗan littafin nan a buɗe suke, kuɗin fotokopi kuma tare muke haɗawa. Ku rubuto naku barkwancin a fitowa ta gaba, ku gaya mana yadda ake ganin mai sanda 14 daga wancan gefen, musamman wanda yaro ke ɗaukar masa jaka. Na tabbata ranar za a ga waɗanda za su ce shayi ya yi musu ɗaci, su tashi tun ba a zuba na biyu ba.